Yadda Ake Jagorantar Tawagar Reshe Zuwa Babban Taron Zumuntar Mata Na Ƙasa

Babban taron zumuntar mata na ƙasa taro biyu ne a haɗe. Akwai wanda kowa ya sani, wato sujada, waƙoƙi, wa'azi, nazarin Littafi Mai Tsarki da gaisawa da 'yan'uwan da aka daɗe ba a haɗu ba. Akwai kuma zaman shawara, inda ake karanta rahoton kuɗi, a zaɓi shugabanni, a ƙara ko a rage abin da kowane reshe zai riƙa biya, wani lokaci har a taɓa tsarin mulkin ƙungiya. Rassa da yawa na farkon kaɗai suke yi wa shiri. Za a kwashe makonni ana koyon waƙa, ana zaryar wajen tela, amma ranar zaman shawara sai wakilai su yi tsit, su ɗaga hannu don sun ga na kusa da su sun ɗaga, su koma gida da nauyin da ba su san sa'ad da suka ɗauka ba.

Wannan jagora taki ce, shugabar reshe, ke da sakatariyarki da ma'ajinku. Ɗarikoki sun bambanta a sunaye da matakai, amma ginin kusan ɗaya ne: reshe a ikkilisiya, sai gunduma, sai ƙasa. Kuma daga reshe ginin yake tashi. Ƙungiyar Mothers' Union ta Angilikan, alal misali, Mary Sumner ce ta fara ta a 1876 da matan ikkilisiyar mijinta a wani ƙauye na kudancin Ingila, majalisarta ta tsakiya kuwa sai a 1896 aka kafa. Rassa ne suka haifi uwar ƙungiya, don haka muryarsu ake zuwa ji.

Mataki na farko: takardar sanarwa

Ranar da takardar gayyata ta iso, kada ki jefa ta cikin jaka sai ranar taron mako. Ki kira sakatariya da ma'aji, ku zauna ku uku ku karanta ta layi-layi, biro a hannu. Ku tsamo ranar buɗewa da ta rufewa, ranar da rajista za ta ƙare, adadin wakilan da aka ba reshenku, abin da kuɗin rajista ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, da kuma ranar ƙarshe ta miƙa ƙuduri. Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa da ita, kuma sau da yawa takan riga ranar taron da nisa.

Daga nan ku buɗe tsarin mulkin zumunta, sashen da ya yi magana a kan babban taro. Wa ke da ƙuri'a? Ana hana reshen da ake bin sa bashi jefa ƙuri'a? Idan ana bin ku, yanzu ne lokacin biya. Sannan ku sanar da fasto da dattawan ikkilisiya a rubuce, ko da kun riga kun faɗa musu da baki, domin a sa tafiyar cikin tsarin ikkilisiya kada ta ci karo da wani shiri.

Mataki na biyu: su wa za su tafi

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne shugaba take fi jin kunya. Akwai uwayen da suka saba zuwa kowace shekara, waɗanda suke ganin kujerar tasu ce. Akwai masu hali da za su iya biya wa kansu, sai a ga ai sauƙi ya zo. Ba na cewa a ture kowa, amma ki rarrabe abu biyu tun da wuri: mai halarta daban, wakiliya daban. Idan taron a buɗe yake, duk mai iko ta je ta sha albarka. Wakiliya kuwa amana aka ɗora mata, za ta yi magana da bakin waɗanda suka zauna a gida, za ta kuma dawo ta ba da lissafi.

Saboda haka a zaɓi wakilai a gaban taron reshe, a rubuta sunayensu a littafin sakatariya. A cikinsu a samu wadda hannunta ke da saurin rubutu, da wadda ta iya karanta lissafi ba ta tsoron alƙaluma, da wadda za ta iya tsayawa gaban dubban mata ta yi magana cikin minti 2 ta zauna. A samu dattijuwa wadda ta san tarihin abubuwa, wadda za ta ce an taɓa kawo wannan batu, ga yadda aka ƙare. A sa aƙalla matashiya ɗaya. Titus sura 2 ta ɗora wa manyan mata koyar da ƙanana, kuma babu ajin da ya kai ta zauna kusa da uwa tana kallon yadda ake tafiyar da shawara. In da hali a sa gwauruwa, domin kusan kowane taro akan tattauna batun gwauraye, galibi ba tare da an ji daga bakinsu ba.

Ku zaɓi mataimakiya ɗaya ko biyu da za su maye gurbi idan ciwo ko rasuwa ta hana wata tafiya. Ku bincika ko dokar taron ta yarda a sauya suna, da yadda ake yi.

Kowace wakiliya ta tafi da takardar shaida mai sa hannun shugaba da fasto. Abin ba sabo ba ne: a farkon Romawa 16 Bulus ya gabatar da Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, ya roƙi 'yan'uwa na Roma su karɓe ta su taimake ta. Wani abu kuma da ba a rubutawa a takarda: wadda za ta bar gida kwanaki tana bukatar ta daidaita da iyalinta, a san wanda zai kula da yara ko tsoho mai jinya. Matan da ba za su tafi ba su raba wannan hidima a tsakaninsu. Ta haka su ma suna da hannu a tafiyar.

Mataki na uku: kuɗi

Yesu ya ce mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi, kamar yadda yake a Luka 14:28. Ku rubuta komai: rajista, mota zuwa da dawowa, abinci a hanya, masauki idan ba ya cikin rajista, baikon da reshe zai kai, littattafan taro, magunguna. A kan jimillar ku ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, domin mota takan lalace, farashi yakan motsa tsakanin ranar lissafi da ranar tafiya.

Sai a yanke a fili abin da asusun zumunta zai ɗauka da abin da kowace mace za ta biya. Ra'ayina shi ne kuɗin wakilai ya fito daga asusu, tunda aike ne aka yi musu. In ba haka ba, shekara da shekaru masu kuɗi kaɗai za su riƙa yin magana da sunan kowa. Wadda aka biya wa don rashin hali, a bar maganar tsakanin shugaba da ma'aji. Ba sai an ambaci sunanta a sanarwa ba.

Kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi shi kaɗai, komai amincinsa. Sa'ad da Bulus yake tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima, ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya kuma faɗi dalili a 2 Korantiyawa 8: kada kowa ya sami abin zargi. Wannan tsari kariya ce ga ma'aji kafin kowa. Mata biyu su ƙirga, mata biyu su sa hannu, kowane biya a karɓi rasit, inda ba a ba da rasit a rubuta a littafi nan take da shaida. Abin da za a iya turawa ta banki a tura kafin tafiya, a buga shaidar biya a takarda, kada a dogara da waya kaɗai. Ɗan tsabar kuɗin da ya rage a raba shi hannu biyu.

Mataki na huɗu: abin da za ku faɗa a can

Shirin zaune ya fi na tsaye. Ki keɓe taron reshe guda ɗaya sukutum domin ajandar babban taro. A karanta wa mata batutuwan da za a yanke, a ji ra'ayinsu, sakatariya ta rubuta matsayin reshe a kan kowanne. Idan ba a aiko da ajanda da rahoton kuɗi ba, ki nema ta hannun shugabar gunduma. Haƙƙinku ne.

Idan reshenku yana da abin da yake so a yi, sai a mai da shi ƙuduri. Kuka da ƙuduri ba ɗaya ba ne. A ce gwauraye suna shan wahala, a taimaka musu, wannan kuka ne. Kowa zai girgiza kai, a ce Allah ya kyauta, a wuce. Ƙuduri kuwa yakan faɗi matsalar a jimla ɗaya ko biyu, ya faɗi ainihin abin da ake so taron ya amince da shi, wanda zai aiwatar, lokacin da zai gama, da inda kuɗin zai fito. Misali: a keɓe wani kaso na baikon taron domin koyar da sana'a ga gwauraye, kwamitin jin ƙai ya riƙe, ya kawo rahoto a taro mai zuwa. Wannan ana iya jefa masa ƙuri'a, ana kuma iya tambayar inda aka kwana bayan shekara. Ko manzanni da aka kawo musu ƙarar cewa ana manta da wasu gwauraye wajen rabon abinci, a Ayyukan Manzanni 6, sai da suka sa aka zaɓi mutum 7 aka danƙa musu aikin.

A yawancin ƙungiyoyi ƙuduri yakan bi ta gunduma kafin ya kai ƙasa, don haka ki san hanyarsa. Ki kuma nemi wani reshe da zai mara muku baya tun kafin a tafi, domin ƙudurin da babu mai goyon bayansa yakan mutu tun ba a tattauna shi ba. Wakilanki su san ƙa'idar nan ma: idan wata ta kawo gyara a kan ƙuduri, gyaran ake fara yankewa, sannan a koma ga ƙudurin. Mata da yawa sukan ɗaga hannu suna zaton uwar maganar suke amincewa da ita, ashe gyara ne wanda ya sauya ta gaba ɗaya. In ba ki gane abin da ake zaɓa ba, ki miƙe ki roƙi a sake karantawa. Babu abin kunya a ciki, kuma rabin zauren zai gode miki a zuci.

Rahoton kuɗi yana da tambayoyi kaɗan da suka isa. Abin da aka rufe da shi bara, shi aka buɗe da shi bana? Masu binciken kuɗi sun duba sun sa hannu? Kuɗin da aka tara don wani aiki na musamman, a kan aikin aka kashe? Wane sashe ne ya zarce kasafinsa, kuma wa ya amince? A yi tambayar da ladabi, a fara da godiya ga ma'aji, a yi ta kan takarda ba kan mutum ba. Tambayar lissafi ba zargin sata ba ce, kuma ma'aji mai gaskiya ta fi kowa son a yi ta.

Idan shekarar zaɓe ce, ku karanta sharuɗɗan kowane muƙami, ku yi addu'a a kai, ku tattauna irin shugabar da ake bukata. Ku bar wa wakilai 'yancin lamirinsu, tunda su za su ga 'yan takara ido da ido. Abin da ya kamata su guje masa shi ne zaɓe don yanki ko harshe, da karɓar kyautar da aka ɗaura wa igiya.

Mataki na biyar: kan magana da waƙa

Wannan ba sai na daɗe a kai ba, kun fi ni sani. Ku yi nazarin ayar kan maganar taron a reshe kafin tafiya, a karanta surar duka don a san mahallinta. Idan an ba ku lokacin waƙa, ku auna ta da agogo a wajen koyo. Batun kayan zumunta kuwa a gama shi da wuri, kuma kada a bar wata a gida don ba ta da sabo.

Mataki na shida: lafiya da hanya

Kowace mai tafiya ta ba da sunan wanda za a kira idan wani abu ya faru, da lambarsa, da ciwon da take fama da shi, da maganin da take sha. A riƙe wannan da sirri a hannun mutum biyu, zai fi kyau ɗaya ta zama ma'aikaciyar lafiya in akwai. Masu hawan jini, ciwon sukari ko asma su ɗauki maganin da zai wuce kwanakin taron, a jakar hannu, ba cikin kayan da aka ɗaure a bayan mota ba. Idan akwai azumi a cikin shirin taron, mai ciwon sukari da mai juna biyu su tambayi likita tun a gida. Kada kunyar idon jama'a ta sa uwa ta faɗi a tsakiyar sujada.

A jakar magani a sa fakitin gishiri da sukari na maganin gudawa. In ya ƙare, ma'aunin shi ne lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dafaffen abinci kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba. Guzurin da aka dafa da asuba a ci da yamma ya sha kwantar da tawaga.

A ɗauki motar da aka sani, a ga takardunta, a duba tayoyi, a yi yarjejeniya da direba a rubuce har da ranar dawowa. A tashi da sassafe don a isa da rana, a tsaya hutu kamar bayan kowace awa 2, kada a cusa mutane fiye da kujeru.

Idan tawagar tana da yawa, ki bi shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa 18, ta naɗa shugabanni a kan dubu, ɗari, hamsin da goma. Ko Yesu da zai ciyar da mutum 5,000, Markus 6 ta nuna an zaunar da su ƙungiya-ƙungiya, ɗari-ɗari da hamsin-hamsin. Ki raba matanki goma-goma, kowane rukuni da mai ƙirga su a duk inda aka tsaya. Jerin sunaye ya zama kwafi uku: ɗaya a hannunki, ɗaya a hannun sakatariya, ɗaya a bar wa fasto.

Mataki na bakwai: masauki

Da kun sauka, kafin a shimfiɗa tabarma, mata biyu su zagaya. Ina ruwa, ina banɗaki, ina asibitin taro, ina ƙofofin fita, kuma a buɗe suke? Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke bi a sansanoni, sun sa mafi ƙanƙantar ma'auni a lita 15 na ruwa ga mutum a yini, banɗaki 1 ga mutum 20, da murabba'in mita 3.5 na wurin kwana. Ba domin taron coci aka rubuta su ba, amma suna ba ki abin aunawa. Idan abin da kuka tarar ya yi ƙasa da haka ƙwarai, ki kai wa kwamitin masauki magana a daren farko, cikin natsuwa. Su ma 'yan'uwa ne masu aikin sa kai, sun kwana biyu ba su runtsa ba.

Tsofaffi da masu goyo a ba su kusa da ƙofa da banɗaki. A sa wurin haɗuwa guda ɗaya da kowa ta sani idan an rabu. Lokacin tashi daga zaure da lokacin rabon abinci ne turereniya ta fi aukuwa; ki saba wa matanki su jira minti 10 jama'a su ragu.

Mataki na takwas: cikin taron

Kada tawagar ta dunƙule wuri ɗaya. Idan an raba azuzuwan bita, ki raba su su ma, kowace ta shiga ɗaya ta rubuto. Zaman shawara kuwa wakilai masu ƙuri'a su iso kafin a buɗe, su zauna tare, kuma kada su fita sayayya sai an rufe. Manyan shawarwari sau da yawa a ƙarshen zama ake yanke su, lokacin da gajiya ta kwashe rabin kujeru.

Mai rubutu ta kama kalmomin kowane ƙuduri yadda aka amince da shi, da adadin ƙuri'u idan an faɗa, da duk ranar da aka sa. Kowane dare, kafin addu'ar barci, ku zauna minti 20: me aka ji yau, me ke zuwa gobe, wa ba ta jin daɗi, nawa aka kashe. Wannan ɗan zama shi ne rahotonku yake rubuta kansa.

Saɓani zai zo. Mata da suka kwana ɗaki ɗaya cikin zafi da gajiya ba za a rasa 'yar tsama ba. Bulus ma sai da ya ambaci Afodiya da Sintiki da suna a Filibiyawa 4, mata biyu da suka yi fama tare da shi a aikin bishara, yana roƙonsu su daidaita. Ki kira su gefe a daren, ke da dattijuwar tawaga, kada maganar ta hau mota ta biyo ku gida. In kuma ƙudurinku ya faɗi a zaure, ku karɓa da fuska a sake, ku tambayi dalilin waɗanda suka ƙi, ku gyara shi domin wani taron.

Mataki na tara: rahoto

Bayan shawarar Urushalima a Ayyukan Manzanni 15, ba a bar maganar a baka ba. An rubuta wasiƙa, aka haɗa Bulus da Barnaba da Yahuza da Sila, suka isa Antakiya suka tara jama'a suka miƙa ta. Ku ma ku yi haka cikin mako 2, tun abin yana da ɗumi.

Rahoton kada ya zama labarin yadda aka sha hanya da yadda waƙa ta yi daɗi, ko da yake a ba wannan ɗan lokacinsa, mata suna son ji. Ya ƙunshi taƙaitaccen koyarwar kan magana, shawarwarin da aka yanke da yadda wakilanku suka jefa ƙuri'a, sunayen sababbin shugabanni, abin da ake bukata daga reshe da ranakunsa, sai lissafin kuɗi har da canjin da ya rage, a mayar da shi asusu a gaban kowa. A bar matashiyar nan ta karanta wani sashe. A ba fasto da dattawa kwafi, a nemi minti 5 a sujadar Lahadi domin ikkilisiya duka ta ji.

Daga cikin duk abin da aka koyo, reshe ya zaɓi abu ɗaya ko biyu da zai iya yi a bana, a sa wa kowanne sunan mai aiwatarwa da rana, a sa shi a ajandar taron wata uku masu zuwa. Sa'ad da rubutaccen rahoton zama ya iso daga ofishin ƙasa, sakatariya ta gwada shi da abin da kuka rubuto, in akwai bambanci ta rubuta musu kafin taro na gaba ya amince da shi. Takardar gayyata, kasafi, rasit, jerin sunaye, lambar direba da rahoton, a haɗa su a fayil guda a ajiye a ofishin ikkilisiya, a kuma rubuta shi cikin kayan da za a miƙa wa sabuwar shugaba ranar da wa'adinki ya cika.